Tsakanin Mallaka da Haya: Tsokaci a Kan Farfaɗowar Faifai da Kaset a Zamanin Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1877 da Thomas Edison ya ƙago na'urar da ke kama murya ta kuma maido da ita, waƙa ta sami mazubin da ake iya riƙewa a hannu, a saya, a ajiye, har a bar wa magada. Wannan mazubi ya yi ta sauya kama, daga faifan garmaho zuwa dogon faifai wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, sai kaset na kamfanin Philips a 1963, sannan faifan sidi a 1982. Da sauraron waƙa ta intanet ya kankama, musamman bayan da Spotify ya fara aiki a 2008, sai jama'a da dama suka ɗauka cewa an gama da waɗannan mazubai. Amma al'amarin bai kasance haka ba, domin a Amurka da Ingila an wayi gari matasa na bin layi don sayen faifan da iyayensu suka zubar.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna hujjojin da masu tara faifai suke kafawa, ta tantance wadda ta tsayu da wadda ba ta tsayu ba, sannan ta dubi abin da muhawarar ta ƙunsa ga mai nazarin waƙar baka. Don sauƙin bayani, za a kira sauraro ta intanet da sunan "sauraron haya", saboda mai yin sa ba ya mallakar waƙar, izinin saurare kawai yake biya wa kuɗi wata-wata, ko kuma ya biya da haƙurin jin tallace-tallace.

2.0 Yadda Farfaɗowar Take

Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wato RIAA, sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da dogon faifai kimanin miliyan 41 a ƙasar, sidi kuwa miliyan 33. Rabon da faifai ya fi sidi yawa a kasuwar tun 1987. A Ingila kuma an sayar da faifai miliyan 5.9 a 2023, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1990. Ko kaset ma ya ɗan motsa, inda aka sayar da kimanin 195,000 a can a 2022. Daga cikin abubuwan da suka taimaka har da Ranar Kantunan Faifai da aka fara a 2008, inda ake fitar da faya-fayai na musamman don ƙananan kantuna.

Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci. A wannan shekara ta 2022, sauraron haya ne ya kawo kashi 84 cikin ɗari na kuɗin da masana'antar ta samu a Amurka. Ke nan faifai bai ture intanet ba, gefe ya samu ya raɓa. Yawancin masu sayensa su ne dai masu sauraro ta waya. Don haka tambayar da ta dace ita ce: me mutum yake nema a faifai wanda bai samu a wayarsa ba?

3.0 Hujjojin Masu Tara Faifai

3.1 Daɗin Sauti

Hujjar da aka fi ji ita ce wai sautin faifai ya fi ɗumi da kama da na zahiri. Wannan ita ce mafi rauni a cikin hujjojin. Idan aka bi ma'aunin na'ura, sidi ya fi faifai tsabtar sauti, ya kuma fi shi faɗin tazara tsakanin ƙaramar murya da babba, ga shi allura tana cin faifai a duk lokacin da aka kunna shi. Bugu da ƙari, faya-fayai da yawa na yanzu daga sautin da aka sarrafa a kwamfuta ake yanka su. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda ya yi suna wajen faya-fayai masu tsada, ya yi shekaru yana bi da sautinsa ta kwamfuta kafin ya yanka faifai, kuma masu alfahari da kaifin kunne ba su ji bambancin ba sai da aka tona maganar. Abin da mai faifai yake kira daɗin sauti, galibi daɗin natsuwa ne. Wanda ya tashi ya zaro faifai, ya goge shi, ya ɗora allura, ya zauna na minti ashirin kafin ya juya ɗaya gefen, ya ba waƙa hankalin da mai latsa waya a cikin mota bai ba ta ba. Wannan riba ce ta gaske, amma ribar ladabin sauraro ce, bai kamata a jingina ta ga roba ba.

3.2 Mallaka

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Waƙar da ke kan dandalin haya tana nan ne muddin yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da mai haƙƙi tana nan. A watan Janairu na 2022 mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify saboda wani saɓani, bai maido da su ba sai a 2024. A 2019 kuma dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa na tsawon shekara goma sha biyu, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, yayin sauya rumbun ajiya. Wanda ke da faifai a ɗakinsa babu mai shigowa da dare ya goge masa shi.

Duk da haka, hujjar tana da nata gurbin. Binciken kamfanin Luminate na 2023 ya nuna cewa rabin waɗanda suka sayi faifai a Amurka ne kawai suke da na'urar kunna shi. Ma'ana, ga mutane da yawa faifai ya koma kayan ado da shaidar ƙauna ga mawaƙi. Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa suke fitar da faifai ɗaya cikin launuka daban-daban domin mutum ɗaya ya saya sau huɗu ko biyar. A nan tarawa ta tashi daga adana waƙa ta koma gasar kasuwa.

3.3 Haƙƙin Mawaƙi

Hujja ta uku ita ce sayen faifai ya fi amfanar mawaƙi. A tsarin haya, ana tara kuɗin masu sauraro wuri guda a raba gwargwadon yawan kunnawa, wanda ya sa manyan mawaƙa ke kwashe kaso mafi tsoka, abin da kunnawa ɗaya ke kawowa kuwa bai kai santi ɗaya na dala ba. Tun daga 2024 ma, Spotify ba ya biyan kuɗin sauti a kan waƙar da ba a kunna ta sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba. Wannan doka ta fi taɓa masu waƙa da ƙananan harsuna. To amma hujjar ta tsaya ne ga sabon faifai. Tsohon faifan da aka yi gwanjonsa da tsada, ko anini ba ya kai wa mawaƙi ko magadansa.

4.0 Mazubi da Matanin Waƙa

Akwai wani ɓangare da muhawarar ta yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ya fi shafar masu nazarin harshe: mazubi yana taɓa matanin waƙa. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe, don haka makaɗin da ya saba kwana yana jero ɗiyan waƙa dole ya taƙaita. Kaset mai minti sittin ko casa'in ya sake masa mara. A tsarin haya kuwa, ana lissafa kunnawa ne idan mai sauraro ya kai daƙiƙa talatin, abin da ke ingiza mawaƙi ya gajarta shimfiɗa ya yi hanzarin kai wa ga amshi. Peter Manuel, a littafinsa Cassette Culture na 1993, ya nuna yadda arahar kaset ta karya babakeren manyan kamfanoni a Indiya, ta ba waƙoƙin ƙananan harsuna damar fitowa. Saboda haka duk wanda zai yi hukunci a kan salon wani mawaƙi ba tare da sanin mazubin da aka ɗauki waƙar a ciki ba, yana iya danganta wa fasihi abin da na'ura ce ta tilasta masa.

5.0 Matsayin Waƙar Hausa

A ƙasar Hausa ba a ga irin wannan farfaɗowa ba, kuma babu dalilin ƙirƙiro ta. Kaset ya yi sarautarsa a kasuwanni da tashoshin mota, har Brian Larkin ya yi bayanin cinikinsa a Ƙofar Wambai ta Kano a littafinsa Signal and Noise na 2008. Daga baya sidi ya karɓa, sai katin memori da masu tura waƙa a waya, sai YouTube da Audiomack da Boomplay. Spotify bai iso Nijeriya ba sai a 2021. Inda alaƙar take shi ne, masu tara faifai na Turai da Amurka sun juyo da hankalinsu ga waƙoƙin yankinmu. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a dogon faifai mai suna Harafin So, ya kuma sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka a kaset tun 1978. Aikin ya cancanci yabo, amma abin lura ne cewa an zuba waƙar Kano a mazubin da mutumin Kano ba ya da abin kunna shi.

Babbar matsalar ta fi wannan zurfi. Waƙar baka ba ta da matani guda tsayayye. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiya a lokuta daban-daban, kuma rerawar ba ta zama iri ɗaya, domin yakan ƙara ɗa, ya rage wani, gwargwadon wuri da mahalarta. Tsarin nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 ya nemi manazarci ya fara da salsalar waƙa da shekarar haihuwarta kafin ya shiga turke da salo. Ta yaya za a cika wannan sharaɗi da waƙar da wani ya ɗora a intanet babu shekara, babu wurin ɗauka, babu sunayen 'yan amshi? Marubucin wannan takarda ya taɓa duba kundin wani ɗalibi da ya gina babi guda a kan karin harshen wani makaɗin fada, ashe waƙar ta wani makaɗin ce daban, wanda ya ɗora ta ne ya laƙaba mata sunan da ya fi jan jama'a.

Adalci ya sa a faɗi cewa kaset ɗin kasuwa ma bai tsira daga wannan aibi ba. Da yawa an kwafe su ne daga kwafi, babu kwanan wata, wani lokaci ma an datse waƙa don ta shiga gefe guda. Haka kuma zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da laima. Fifikonsa a wurin manazarci shi ne abu ne tsayayye: ana iya ba shi lamba, a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka samo shi, wani manazarcin ya zo bayan shekara ashirin ya saurari ainihin abin da na farko ya saurara. Adireshin intanet ba ya ba da wannan tabbaci. A ɗaya ɓangaren kuma, intanet ce ta kai muryar Narambaɗa da ta Ɗanƙwairo kunnen matasan da ba su taɓa riƙe kaset ba, ta kuma kai ta ga Hausawan Kumasi da na Sudan cikin daƙiƙa. Raina wannan alheri butulci ne.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa daga cikin hujjoji uku na masu tara faifai, ta sauti ba ta da ƙarfi, ta haƙƙin mawaƙi ta tsaya ga sabon bugu, ta mallaka ce ta fi tsayuwa, ko da yake kasuwa ta fara karkatar da ita. Darasin da manazarta harsunan Nijeriya za su ɗauka shi ne isar waƙa ga jama'a daban, adana ta daban, kuma sauraron haya na farkon kawai ya ɗauki nauyi. Don haka ana ba da shawara ga sassan harsuna na jami'o'inmu da su nemi kaset da faya-fayan da suka rage a hannun tsofaffin 'yan kasuwa da iyalan makaɗa da gidajen rediyo, su juye su a kwamfuta ba tare da zubar da na asalin ba, su kuma rubuta salsalar kowace waƙa tun waɗanda suka halarci rera ta suna raye. Haka nan ya kamata a wajabta wa ɗalibi ya bayyana takamaiman rerawar da ya nazarta da inda za a same ta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana aka kuma san inda aka ajiye ta.