Jinjina ga Cibiyar Shari'a ta Kongo

Magidancin Sama Road a Sakkwato da rikicin gado ya kai shi gaban alƙali ba lallai ya taɓa jin sunan Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello ba. Amma aikinta na iya riskarsa har cikin zauren kotu.

An kafa ta a Kongo, Zariya, a 1966, lokacin da kotunan Arewa ke buƙatar alƙalan da suka san Risala da Muhtasar, suka kuma iya karanta dokar da gwamnati ta rubuta. Malaminmu na zaure ya ƙware a fiƙihun Malikiyya, lauya kuma ya sha dokar Ingila, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Cibiyar ce ta zaunar da ilimin biyu a aji ɗaya, ta horar da alƙalai da ma'aikatan kotu shekara da shekaru.

Babban gwajinta ya zo bayan 1999, da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 suka rungumi Shari'a, ciki har da Sakkwato. An rubuta dokokin laifuffuka cikin gaggawa, wata jiha ta saɓa wa wata a kan laifi iri ɗaya. Malaman cibiyar suka bi kundayen sashe-sashe, suka fitar da daidaitaccen kundi da jihohi za su iya ɗauka. Aiki ne mai cin ido da haƙuri, ba ya kuma kawo suna a jarida, tsakani da Allah sun cancanci a yaba.