Taken Kurtu: Nazarin Waƙar Senghor Ta Mbaye Dyôb

1.0 Gabatarwa

Léopold Sédar Senghor (1906-2001) ya yi suna a matsayin sha'iri kuma Shugaban Ƙasar Senegal na farko, daga 1960 zuwa 1980. Kafin wannan ɗaukaka ya taɓa zama ƙaramin soja a rundunar Faransa. Jamusawa sun kama shi a watan Yuni na 1940, ya zauna a sansanonin fursunonin yaƙi har zuwa 1942, lokacin da aka sallame shi saboda rashin lafiya. A sansanin Poitiers, mai lamba 230, ya tsara wasu daga cikin waƙoƙin da suka fito a diwaninsa Hosties noires a 1948. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato "Taga de Mbaye Dyôb", wadda ya yi wa wani abokin zamansa na sansani. Tambayar da za a bi ita ce, shin waƙar ta biya hakkin wannan zumunci ko kuwa da saura?

2.0 Yanayin Da Ya Haifi Waƙar

Sojojin da ake kira 'yan bindigar Senegal ba daga Senegal kaɗai suka fito ba. Faransa ta ɗebo su daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Da aka ci Faransa a 1940, Jamusawa sun karkashe da yawa daga cikinsu bayan sun miƙa wuya, kamar yadda ya faru a Chasselay kusa da Lyon. Waɗanda suka tsira kuma aka tsare mafi yawansu a cikin Faransa, ba a kai su Jamus tare da Turawa ba. Yunwa da sanyi da cuta su ne abokan kwanansu. A irin wannan wuri ne malami mai digirin nahawu ya zama ɗaya da manomin da bai taɓa shiga aji ba.

3.0 Jigo

A al'adar Wolof, taga waƙar yabo ce wadda maroƙi kan yi wa mai asali, yana jero kakanninsa da yaƙe-yaƙen da suka ci. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, domin haka makaɗan fada irin su Narambaɗa kan kafa yabon sarki a kan nasabarsa. Har makaɗan maza, kamar Ɗan Anace da ya wasa Shago, suna yabo ne a kan bajintar da jama'a suka gani da ido.

Senghor ya ɗauki wannan tsari ya juya shi. Ya fara da lissafa abin da Dyôb ba shi da shi: ba a san salsalarsa ba, ba shi da muƙami a soja, bai yi wani abin a-zo-a-gani a fagen fama ba. Da maroƙi ne ya buɗe baki da irin waɗannan kalamai, da an ce zambo yake yi. Amma a nan shimfiɗa ce. Bayan ya kawar da duk abin da aka saba yabon mutum da shi, sai ya kawo abin da ya rage, wato haƙurin da Dyôb ya yi da yunwa da sanyi da wulaƙancin kamu, da kuma ƙin rabuwa da 'yan'uwansa don kada ya bar musu nauyinsa. Ke nan jigon waƙar shi ne riƙon amana. Jarumtakar da aka yaba ta wanda ya tsaya tare da abokansa ce a lokacin da babu mai ganinsa balle ya ba shi lambar yabo.

4.0 Salo Da Tsari

Waƙar ba ta da amsa-amo, ba ta kuma bin kari irin na tsofaffin waƙoƙin Faransanci. Ɗangayenta dogaye ne, kowanne gwargwadon numfashin mai rerawa. Abin da ya ɗaure su shi ne maimaita sunan gwarzon a farkon ɗango, kamar yadda mai kirari kan kira sunan ubangidansa kafin ya ɗora masa siffa. Sha'irin ya kuma nuna a ƙarƙashin sunan waƙar cewa da tama za a rera ta, wato ƙaramar gangar hammata mai kama da kalangu. Wannan ya nuna don kunne aka yi ta, ko da yake a takarda ta fito.

Wata dabarar ita ce yadda ya ɗauke mai sauraro daga sansani ya kai shi gida, inda ya zana 'yammatan Gandiol, kusa da bakin Kogin Senegal, suna tarbar gwarzon. Tarba ce irin wadda ake yi wa wanda ya ciwo yaƙi, sai ga shi an shirya ta domin wanda aka kama.

5.0 Rauni

Duk da wannan ƙwarewa, akwai abubuwa biyu da suka rage wa waƙar ƙarfi. Na farko, Dyôb bai yi magana ba ko sau ɗaya. Ba a ji abin da yake kewa ba, ko abin da ya ɗauki yaƙin da aka kawo shi. Mai karatu ya san halinsa, amma bai san shi ba, alhali kuwa zumunci abu ne na mutum biyu. Na biyu, an yi waƙar da Faransanci, aka buga ta a Faris. Maroƙi yakan yi yabo ne a gaban wanda yake yabo da danginsa, cikin harshen da suke ji. Mutanen da aka ce za su rera wannan taken, kaɗan ne daga cikinsu za su iya karanta shi a 1948.

Tarihi ma bai kawo irin tarbar da waƙar ta hango ba. Ranar 1 ga Disamba, 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin da suka komo suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi kuwa suna ganin adadin ya zarce haka nesa. Sai a 2024 Shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Senghor ya yi wa waɗannan mamata waƙa a cikin diwanin, kuma karanta ta kusa da ta Dyôb yana nuna tazarar da ke tsakanin fatan sha'iri da sakayyar masu mulki.

6.0 Kammalawa

Waƙar ba ta biya hakkin zumuncin duka ba, tun da ta bar abokin shiru cikin harshen da ba nasa ba. Amma ta yi abin da rajistar soja ba ta yi ba, domin ta ɗauki kurtun da aka sani da lamba ta kira shi da sunansa, ta ba shi take irin na sarakuna. Ta wannan hanya ce sunan Mbaye Dyôb ya kai ga masu karatu fiye da shekara saba'in bayan fitowar diwanin.