Teburin Mai Gyara: Inda Ake Yanke wa Waya Hukunci a Kawo

A ƙasashen da ake ƙera waya, mai sharhi daga kwali yake farawa. Kamfani ya aiko masa da sabuwa dal, ya kunna kyamara, ya yage leda, ya juya ta gaba da baya, ya gwada hotonta da rana da dare, ya ba ta maki tun ba ta yi mako biyu a hannunsa ba. Wannan salo ya iso mana ta YouTube da TikTok, har matasanmu sun fara yin irinsa da Hausa. Sai dai a Kawo ba a nan ake yanke hukunci ba. Mai niyyar saye yakan kalli bidiyon don nishaɗi, ranar da kuɗi suka shigo hannu kuma sai ya nufi rumfar mai gyara, su gaisa, ya ce, "Injiniya, wacce ce ba ta cika zuwa teburinka ba?" Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa ainihin al'adar masoya na'ura a wannan yanki tana rumfar gyara, kuma ma'aunin da ake auna waya da shi a can ya fi na mai yage leda inganci, duk da cewa al'adar na ɗauke da wasu cututtuka da masu ita ba su cika son a taɓo ba.

Sai an dubi Kawo kanta kafin a gane dalili. Ita ce ƙofar Kaduna ga wanda ya taso daga Zariya ko Kano. Ga tasha, ga gadar sama da aka sake ginawa aka buɗe a farkon 2022, ga hanyar da ta karkata zuwa Mando, ga kasuwar Talata da ke kwaso mutanen ƙauyukan Igabi da kayan gonarsu. Wayar da ke yawo a irin wannan wuri kayan sana'a ce. Direba da ita yake neman lodi, mai Keke Napep da ita fasinjan gida ke kiransa, mai POS da ita yake tabbatar da shigar kuɗi, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 hatta mai shayi ya koyi jiran alat kafin ya sallami mutum. Idan waya ta mutu yini guda, cinikin yinin ya tafi. Wanda rayuwarsa ke haka, yawan idanun kyamara ba shi ne a gabansa ba. Damuwarsa ko batir zai kai shi magariba, ko za ta jure faɗuwa a kan kwalta, in kuma ta fashe ko akwai gilashinta a gari yau ɗin nan.

Wannan tunani ya girmi wayar salula. Tun da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962 akwatin rediyo ya zama abokin hirar talakan Arewa, kowace unguwa ta samu mai gyaransa, wanda daga baya ya koma gyaran kaset, sannan bidiyo da talabijin. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta yi suna ne da mutanen da ke kwance abin da Bature ya ƙera su sake haɗa shi, wani lokacin su ƙero madadinsa daga tarkace. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008 da ya gina kan bincikensa a Kano, ya nuna cewa lalacewa da gyara ba tsautsayi ba ne a rayuwar na'ura a Nijeriya, su ne yanayinta na kullum. Saboda haka da aka yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, wayar ta tarar da sana'ar da za ta karɓe ta a shirye. A lokacin layi kaɗai yakan ci naira dubu ashirin ko fiye, wayar kuwa dukiya ce, ba wanda zai yar da ita don madanni ya daina aiki. Yaran masu gyaran rediyo ne da 'yan makarantar da suka rasa aiki suka fara buɗe cikin Nokia 3310 suna leƙawa.

Fifikon ma'aunin mai gyara daga inda yake tsaye ya samo asali. Mai sharhin bidiyo yana ganin waya ɗaya a makonta na farko, mai gyara yana ganin iri ɗaya sau da yawa a shekararta ta biyu, bayan ta sha zafin Maris da Afrilu, ta shaƙi ƙurar hunturu, ta jiƙe da damina, an kuma yi ta cusa mata cazar bakin titi a shagon caji mai janareta. Shi ya san wacce ce ramin cajinta ke saurin sakewa, wacce batirinta ke kumbura har ya ɗaga murfi, wacce ke ɗaukar zafi in an buɗe data, wacce kuma in gilashinta ya tsage kuɗin canjinsa ya kusa rabin kuɗinta. Bai rubuta wannan a ko'ina ba, amma lissafi ne na gaske, irin wanda kamfanoni ke biyan kuɗi mai yawa su samu. Nasarar kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, hujja ce a kan haka. An kafa shi a 2006, kuma tun wajen 2017 ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Bai yi hakan da sabuwar fasahar da ta girgiza duniya ba. Ya sa gurbin layi biyu saboda sabis ɗin kowane kamfani na da inda yake ɗaukewa, ya sa babban batir saboda wutar NEPA ba ta da alkawari, ya daidaita kyamara ta fito da baƙar fata yadda take, ya sa Hausa cikin harsunan wayar, ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare, kayan gyaransa kuma suka cika kasuwa. Jerin nan kusan shi ne jerin tambayoyin da ake yi a bakin rumfa.

Ƙorafi na farko da za a kawo shi ne cewa wannan duk talauci ne aka yi wa ado, da mutanen Kawo na da hali da sun yar da tsohuwa sun sayi sabuwa kamar kowa. Akwai gaskiya a ciki, musamman tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin watanni, sabuwar waya ta fi ƙarfin ma'aikaci. Amma rashi ya haifi al'ada ba ya nufin al'adar ba ta da daraja, kuma tarihin kwamfuta kansa shaida ne. Ƙungiyar Homebrew Computer Club da ta fara zama a wani gareji a Kalifoniya a 1975 taron masu dalma ne da tarkacen kayan lantarki, waɗanda ba su da kuɗin sayen kwamfutar kamfani, kuma a nan Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko yana raba zanen cikinta kyauta. Unguwar Akihabara ta Tokiyo daga rumfunan kayan gyaran rediyo ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya fi wannan ƙarfi ma, ƙasashe masu arziki yanzu suna tilasta ma'aunin mai gyara da doka. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa waya maki daga cikin goma na sauƙin gyaranta. Tarayyar Turai ta tilasta ramin caji iri ɗaya, USB-C, abin da ya sa Apple ya sauya nasa tun daga iPhone 15 a 2023, kuma daga Yunin 2025 dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaran waya shekara bakwai bayan ya daina sayar da ita. Ba talauci ne ya sa su ba, tulin sharar lantarki ne da gajiyar masu saye.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: wai yawancin masu gyaran nan 'yan cire-ka-sa ne, ba su san yadda na'urar ke aiki ba. A nan sai an rarrabe, domin su kansu sun rarrabe. Akwai mai canja gilashi da batir, akwai mai filashin, wanda ke jona waya da kwamfuta ya sake zuba mata manhaja, sannan akwai mai aikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikin waya, wanda sauran ke kai wa abin da ya gagare su. Aikin na ukun ya isa a tsaya a kalla. An kawo waya ta mutu murus. Ya kwance ta, ya jona fanel ɗin da na'urar ba da wuta, ya ga tana zuƙar wuta tun bai danna maɓallin kunnawa ba, nan take ya san akwai inda wuta ke zurarewa. Sai ya narka wani irin ƙaro a bakin ƙarfen dalma, ya turara hayaƙinsa a kan fanel har ya yi fari fat, ya sake ba shi wuta kaɗan. Wurin da farin ya fara narkewa, nan ɓarnar take: wani ɗan ƙanƙanin abu da bai kai ƙwayar gero ba. Ya ɗauke shi da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ciro irinsa daga gawar wata waya cikin tulin da ke aljihun tebur, ya liƙa. Wanda ya yi wannan ya yi zato, ya gwada zaton, ya tabbatar, kuma ba a neman fiye da haka daga ɗalibin kimiyya a ɗakin gwaji. Da yawansu daga bidiyon masu gyaran Indiya da Pakistan suka koya, abin da bai zo wa Bahaushe da wuya ba, tun da kunnensa ya daɗe da sabawa da Indiyanci ta hanyar fim.

Inda ƙorafin ya yi gaskiya shi ne wajen adana sanin. Ilimin rumfa a baki yake da ido. Yaro ya shekara yana share tebur yana sayo wa maigidansa kaya kafin a bar shi ya riƙe ƙarfen dalma, kuma akwai ogan da zai juya baya ko ya aiki yaron sayen ruwa daidai lokacin da ya zo kan dabarar da yake ci da ita. Rubutaccen abu da Hausa a wannan fanni kaɗan ne ƙwarai. Sakamakon haka kowane sabon shiga sai ya ƙona fanel ɗin mutane kafin ya gano abin da na gaba da shi suka daɗe da sani. A nan ne Kawo ta rabu da garejin Kalifoniya: can abin alfahari ne ka raba abin da ka gano, nan kuwa ana ganin wanda ya raba ya fasa tukunyar abincinsa. Ana iya fahimtar tsoron a kasuwar da rumfa ke jingine da rumfa, amma shi ne ya hana al'adar girma.

Sai batun amana, wanda ba a kauce masa. Waya a yau ta ƙunshi hotunan iyali, hirarrakin sirri da asusun banki, mai gyara kuma yakan ce a ba shi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa. Babu wata rubutacciyar ƙa'ida da mai waya zai riƙe, sai tsoron Allah na wanda ya tarar. Shi ya sa mata da dama kan zauna a kan benci har a gama, ko su haƙura da gyaran, kuma ƙarancin mata a sana'ar ya ƙara tsananta matsalar. Haka nan ƙwarewar da ke ceto wanda ya manta lambarsa ita ce ke wanke wayar ƙwace. Apple ya sa makullin da ke ɗaure waya da asusun mai ita a 2013, Google ya biyo da nasa a 2015, dukansu don a kashe kasuwar wayar sata, amma kusan duk kasuwar waya akwai wanda aka sani da iya fasa wasu daga cikinsu. Masu gyara na kirki suna neman rasit ko kwali kafin su taɓa irin wannan aiki. Matuƙar ƙungiyoyinsu ba su mai da hakan doka mai hukunci ba, zargin zai ci gaba da shafar mai laifi da marar laifi.

Wasu za su ce ainihin masoya fasaha na Kaduna suna wani wuri dabam, a cibiyoyi irin su CoLab da aka buɗe a Barnawa a 2016, ko a sassan kwamfuta na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake rubuta manhaja. Ba na musun ƙoƙarinsu. Amma mai rubuta manhajar da bai san wayar da mutanensa ke riƙewa ba, zai gina abin da ke cinye ma'ajiya da data, ya yi ta mamakin me ya sa ake goge shi bayan kwana biyu. Mai gyara ya san wayar, bai san rubuta manhajar ba. Rabi biyu ne na sana'a ɗaya da ba su cika haɗuwa ba, kuma takardar shaida ce ta raba su fiye da basira. An taɓa gwada ɗinke irin wannan ɓaraka lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin, aka jawo masu sana'ar Panteka don a auna ƙwarewarsu a ba su shaida, kuma hukumar NBTE mai kula da wannan tsari a Kaduna hedikwatarta take. Masu gyaran waya sun fi kowa buƙatar irin wannan a yanzu, domin na'urar tana rufewa a gabansu. Murfin da a da ake ɓallewa da farce yanzu da gam ake manne shi, wasu kamfanoni kuma suna ɗaure kowane ɓangare da lambar wayarsa, ta yadda ko gilashi na asali ka ciro daga wata ka sa, sai ta yi gargaɗi ko ta kashe wani aikin. Mai canja gilashi kawai ba zai daɗe a wannan yanayi ba. Wanda zai tsira shi ne mai karanta zanen fanel, mai fahimtar manhaja, kuma jarrabawar da za ta tantance shi ba ta buƙatar Turanci mai yawa: a ajiye masa matacciyar waya da mita, a ce ya nemo ciwon, ya bayyana da Hausa yadda ya gano shi, a rubuta bayanin don yaran da ke tafe.