Mai Mota a Cikin Waya: Abin da Muka Gani a Wasan F1 Clash

Kwana biyu muna ganin samarinmu sun haɗa kai a bakin shaguna bayan La'asar, ido a kan waya, wani na cewa "canza taya!" Maimakon mu yanke hukunci daga nesa, sai muka ja benci muka ce a nuna mana.

Sunan wasan F1 Clash, na wani kamfani ne a Landan mai suna Hutch, ya fito a 2019. An gina shi a kan tseren motoci na Formula 1, wanda Lewis Hamilton ya lashe kambunsa sau 7. Abin da ya fara ba mu mamaki, yaron ba shi ke tuƙi ba. Shi ne mai mota. Yana da direbobi biyu, shi ke zaɓar musu taya, ya ce wannan ya taka wuta, wancan ya lallaɓa, ya kuma san lokacin da za a shiga gareji. Abokin karawarsa wani ne can a wata ƙasa ta intanet.

To, a nan dole mu yaba. Duk wanda ya taɓa ɗora wa tirela kaya daga nan zuwa Kano ya san riba ba a gudu take ba, a lissafi take. Wasan ya kama wannan. Taya mai laushi ta fi gudu amma ba ta daɗewa, mai tauri tana jurewa amma tana ja da baya. In hadari ya haɗo, ko ka sa tayar ruwa da wuri ko ka yi asara. Haka abin yake a tseren gaske, inda makanikai kusan 20 ke canza taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Mun ga yaron da ba ya iya zama minti biyar a kan allo yana auna gaba da baya kamar tsohon ɗan kasuwa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Kayan gyaran mota da direbobi masu kyau a cikin wasu akwatuna suke zuwa, ba ka san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Akwatin yakan ɗauki awanni kafin ya buɗu, sai dai in za ka biya. Ana ma sayar da wasu da kuɗin gaske. Mu 'yan kasuwa ne: wa zai sayi huhun goro bai kwance ya duba ba? A karatun fiƙihu wannan shi ake kira garari, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana irin wannan ciniki. Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna na kuɗi a wasanni caca ne.

Sannan ta fuskar wasan kansa ma, wannan ya ɓata shi. In mai aljihu zai sha gaban mai dabara, ina amfanin lissafin da muka yaba?

Saboda haka ba mu ce a fasa wa yara waya ba. In yaro zai yi wasansa kyauta, bai taɓa kuɗin shago ba, ya ajiye waya da an kira salla, ba mu ga laifi ba. Amma iyaye, don Allah kada ku bari a haɗa katin bankinku da wayar yaro. Ku kuma samari, in kuna son lissafin taya da mai, ga tashar mota nan a bayanmu, iyayen gidanku na neman masu riƙe musu littafi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.