Tsokaci kan Haruffan Ado Masu Kama da Rubutun Hannu: Misalin Zapfino

Gabatarwa

Akwai rukunin haruffan ɗab'i da ake ƙerawa don su yi kama da abin da alƙalami ya ja. Su ake gani a katin gayyata da takardar shaida da allon shago. Wannan takarda za ta auna ɗaya daga cikinsu, wato Zapfino, ta fuskar kyau da kuma ta fuskar rubutun Hausa.

Asali da kyawunsa

Hermann Zapf (1918-2015) Bajamushe ne, gwanin rubutun hannu. Ya zana tushen waɗannan haruffa a 1944, kamfanin Linotype ya fitar da su a 1998, suka yaɗu bayan Apple ya sa su cikin kwamfutocinsa. Abin yabo shi ne harafi ɗaya yana da siffa fiye da ɗaya, don haka ba dole ya maimaita kamanni a cikin kalma ba, kamar yadda hannun mutum ba ya yi. Layinsa kuma yana kauri yana sirancewa tamkar bakin alƙalami ne ke juyawa.

Rauninsa

Kawunan haruffa da wutsiyoyinsu suna da tsawo ainun, har na wannan layi su kutsa cikin na wancan. Idan aka jera manyan baƙaƙe zalla, karatu sai an yi da gaske. Ke nan ya dace da kalma biyu ko uku, bai dace da sakin layi ba.

Ga Hausa matsalar ta fi haka. Lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ a kan harafi take, daidai wurin da masu zanen irin waɗannan haruffa ke zuba adonsu. A Turanci, lanƙwasa a kan k kwalliya ce. A Hausa, ita ce ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, gada da gaɗa. Ga shi yawancin haruffan wannan rukuni don harsunan Turai aka yi su, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a ciki. Sai kwamfuta ta aro harafin daga wani samfuri, ya tsaya a kalma kamar baƙo, ko kuwa mai ɗab'i ya jefar da lanƙwasar, kati ya fito yana "maraba da baki".

Kammalawa

Ba a ce ado da ma'ana ba sa haɗuwa ba. Haruffan ajami na Alkalami, waɗanda SIL ta fitar a 2017, daga rubutun hannu irin na Kano aka kwaikwayo su, kuma tun farko aka tanadi sautukan Hausa a ciki. Saboda haka, kafin ɗalibi ya zaɓi harafin ado, ya buga "ɗaurin auren ƴar ƙanena" ya miƙa wa wani ya karanta. In mai karatu ya yi tuntuɓe, adon ya ci ma'ana.