Dodon Karita da Yaron Birnin Gwari: Sharhi a kan Tanglewood Tales

A cikin Tanglewood Tales, littafin da Nathaniel Hawthorne ya tsara wa yara daga tatsuniyoyin Girkawa a 1853, mutanen Atina kan miƙa samari bakwai da 'yan mata bakwai ga dodon tsibirin Karita. Marubucin ya bar wannan yadda yake, amma ya wanke jarumi Tisiyas daga laifin yasar da Ariyadni, wadda ta cece shi. A ganinmu, nan ya kuskure. Yaron Birnin Gwari, da ya ga 'yan bindigar dajin Kamuku suna aza wa ƙauyuka haraji, ya riga ya san dodo. Abin da ya rage ya sani shi ne, jarumi ma yakan ci amana. Wajibi ne mai mayar da labarin Hausa ya kiyaye wannan.