Nakiyar da ta ƙi fashewa: nazari kan wasan Silent Hunter

Ƙasar Adar ba ta da teku, ruwan da aka fi sani a Buza da Madawa da Keita shi ne na rijiya da tabki da fadamar Majiya. Duk da haka, akwai wani wasan kwamfuta na yaƙin teku da ya cancanci malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na wannan yanki su dube shi da idon basira, domin batun da ke cikinsa batu ne na gida: idan kayan aiki suka ƙi, wa ake ɗora wa laifi, mai ƙira ko mai aiki da su?

Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da Silent Hunter III a 2005, sannan Silent Hunter 4 a 2007. A na farko mai wasa yana jagorancin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a na biyu kuwa na Amurka ne a tekun Pasifik. Makaminsa shi ne tarfido, wato nakiya mai gudu da kanta a cikin ruwa. Mai wasa zai auna nisa da saurin jirgin abokan gaba, ya zaɓi zurfin da nakiyar za ta bi, ya harba, ya zuba ido. Sau da yawa sai a ji shiru.

Wannan shirun shi ne gwanintar wasan. Nakiyar takan ƙi fashewa idan an harba ta daga kusa ainun, tun kunamarta ba ta ɗanu ba, ko kuma idan ta bugi jirgi a karkace ta zame. Wadda aka saita wa kunamar maganaɗisu takan fashe tun ba ta isa ba, musamman in teku ya yi fushi. Dole mai wasa ya zama mai bincike: ya canza abu ɗaya, ya sake gwadawa, ya kwatanta. Malamin kimiyya zai gane wannan hanyar nan take, domin ita yake koyarwa a aji.

Kuma waɗannan matsaloli ba ƙagaggu ba ne. A watan Afrilu na 1940, a gaɓar Norway, nakiyoyin Jamus sun yi ta ƙin aiki har a hannun Günther Prien, wanda ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila mai suna Royal Oak a 1939. Na Amurka, mai lamba Mark 14, ya fi muni, don cutarsa uku ce, kowace tana ɓoye a bayan ƴar'uwarta: yana nutsewa wajen mita 3 fiye da yadda aka saita shi, kunamar maganaɗisunsa ba ta da tabbas, kunamar bugu kuma tana lanƙwashewa idan ta daki jirgi a miƙe. Saboda tsada, ba a yi masa cikakken gwaji ba kafin yaƙi. Da kwamandojin jirage suka kai kuka, hukumar makamai ta ce su ne ba su iya saiti ba. Sai a watan Yuni na 1942 Admiral Charles Lockwood ya sa aka harba shi cikin ragar kamun kifi, hujin ragar ya nuna zurfin gaskiya. A watan Yuli na 1943 jirgin Tinosa ya harba wa wani babban jirgin Japan nakiya 15, biyu kacal suka yi aikinsu, kwamandan ya adana ta ƙarshe ya kai Pearl Harbor don a bincika. An shafe kusan shekara biyu kafin a gama gyara.

A nan ne wasan ya gaza. Mai wasa yana iya shiga jerin zaɓi ya kashe lalacewar nakiya da dannawa ɗaya, ko ya karanta maganinta kafin ya fara. Kwamandan 1942 kuwa bai san inda cutar take ba, kuma idan ya dawo hannu wofi ana iya tuɓe shi. Wasan ya kwaikwayi ƙarfe da ruwa da kyau, amma ya bar ofishin da ya ƙi saurare, alhali nan ne tushen labarin. Maharbin da adakarsa ta ƙi tashi yana iya tafiya maƙera ya yi magana da maƙeri ido da ido. Wanda mai ƙirarsa ke zaune a ofishi mai nisa, kamar malamin da aka ba tsarin karatu ba littafi sannan aka tuhume shi da faɗuwar yara, shi ya san ɗacin abin.

Gazawa ta biyu ta fi nauyi. Wasan yana auna nasara da yawan tan na jiragen da aka nutsar, ba ya nuna fuskar kowa. Alhali jiragen nan sun haɗa da masu tasowa daga Legas da Firitawun, ɗauke da gyaɗar Kano da fatu da ma'aikata ƴan Afirka ta Yamma. A ranar 12 ga Satumba 1942 jirgin Jamus U-156 ya nutsar da Laconia a tekun Atilantika, daura da Afirka ta Yamma, mutum fiye da 1,600 suka halaka, akasarinsu fursunonin yaƙi ƴan Italiya, sai da jiragen Faransa suka taso daga Dakar don kwashe waɗanda suka tsira. Nakiyar da mai wasa ke kuka da ita don ta ƙi fashewa, ga mutanen da ke cikin jirgin rahama ce.

Saboda haka wasan ya dace da aji, amma ba shi kaɗai ba. Malamin da ya samu damar nuna shi sai ya ajiye labarin Lockwood da ragarsa a gefe ɗaya, labarin Laconia a ɗaya gefen, ya tambayi ɗalibai tambaya biyu: ta yaya ake tabbatar wa na sama cewa laifin na kayan aiki ne, kuma su wa ke cikin jirgin da aka auna? Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wasan ya koyar da gwajin, sauran aikin na malami ne.